Kun Ɗaura Ruwan, Ba Ku Duba Bakin Ba

Likitocin da ke rubuta wa masu sankara maganin ƙarfafa ƙashi, da ku nake, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Kuna ɗaura wa mutum ruwan da kuka san yana iya kashe masa ƙashin muƙamuƙi, ba ku ce ya buɗe baki kun leƙa ba, ba ku tura shi wurin likitan haƙori ba, ba ku ko gaya masa cewa daga yau cire haƙori ya zama abin da sai da shawara ba. Wannan sakaci ne, kuma ba shi da wani suna. Abin da ake nema a wurinku bai wuce tocila da tambaya biyu da 'yar takarda ba. Gargaɗin kuwa yana nan rubuce a cikin takardar da ke naɗe a kwalin maganin, wadda ake jefawa a kwandon shara tare da ledar sirinji.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a sashen masu sankara ya san yadda ranar ƙarin ruwa take. A ce mace ce mai sankarar mama da ta riga ta kai ga ƙashin baya. An aiki ɗanta ya sayo Zometa, ko ɗaya daga cikin masu sauƙin kuɗi da ke ɗauke da sinadari iri ɗaya, zoledronik asid, miligiram 4. An duba takardar gwajin ƙoda, domin kowa ya san maganin yana taɓa ƙoda. An duba kalsiyam na jini. Nas ta nemo jijiya, ta saita ɗigon yadda ruwan ba zai ƙare a ƙasa da minti 15 ba, ta ce, "Hajiya, in kin ji zazzaɓi da ciwon jiki gobe ko jibi kada ki tsorata, ki sha farasitamol." Duk wannan daidai ne. To bakin fa? Hajiya tana da turmin haƙori da ya rube tun kafin a gano sankarar, in ya motsa ta cusa masa kanumfari ta kwanta. Ba wanda ya tambaye ta, ita kuma ba ta ga abin da ya haɗa haƙori da ciwon baya ba, balle ta faɗa. Bayan mako huɗu ta dawo a sake ɗaurawa, haka wata bayan wata.

Kada wani ya ɗauka maganin nake kushewa. Maganin alheri ne. Sankarar mama, da ta furosteti a maza, da sankarar ɓargo da ake kira mayaloma, idan suka sauka a ƙashi cinye shi suke yi, har mutum ya karye yana juyi a kan gado, ko ƙashin baya ya rufta ya danne laka ƙafafu su mutu. Wannan ruwan yana rage aukuwar haka, yana sauƙaƙa raɗaɗi, yana sauke kalsiyam idan ya yi wa jini yawa. Wanda ya ga mai irin wannan ciwon yana kwana zaune ba zai so a hana shi ba.

Sai dai yadda yake aiki shi ne kuma inda haɗarin yake. Ƙashi rayayyen abu ne, kullum cikin gyara yake, kamar gidan ƙasa da ake kankare tsohon yaɓe a sa sabo. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankarewa, akwai masu yaɓawa, kuma masu yaɓen ba sa shiga aiki sosai sai masu kankarar sun share musu wuri. Magungunan nan, dangin bisfosfonet da kuma allurar denosumab, masu kankarar suke dakatarwa. Sankara ta rasa hannun da take rushe ƙashi da shi, amma gyaran yau da kullum ma ya yi sanyi. A cinya ko ƙugu wannan ba ya cika zama matsala, domin nama mai kauri ya lulluɓe su, ba abin da ke shiga. Muƙamuƙi daban yake. Shi ne ƙashin da haƙora suka huda suka fito waje. Fatar da ta rufe shi siririya ce, tauna tana girgiza shi dare da rana, baki kuma cike yake da ƙwayoyin cuta. Idan aka cire haƙori, rami ne aka buɗe har cikin ƙashi, kuma ramin ba zai cike ba sai da aikin waɗancan masu kankarar da aka ɗaure wa hannu. Shi ya sa a mafi yawan waɗanda abin ya sama, cire haƙori ne ya tayar da shi, kuma muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama kamuwa nesa ba kusa ba.

Ba jiya aka gano wannan ba, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. A shekarar 2003 wani likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a Jami'ar Miyami ta Amurka, Robert Marx, ya ba da rahoton mutum 36 da ƙashin muƙamuƙinsu ya mutu ya fito fili, dukkansu suna karɓar pamidronet ko zoledronik asid. A 2004 Salvatore Ruggiero da abokan aikinsa a Niu Yok suka kawo wasu 63. A wannan shekarar kamfanin Novartis mai yin Zometa ya aika wa likitoci wasiƙar gargaɗi. Ƙungiyar likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi ta Amurka ta fitar da matsayarta a 2007, ta sabunta a 2009 da 2014 da 2022. A 2014 ne ta sauya wa ciwon suna ya haɗa da sauran magunguna, saboda an ga denosumab, da wasu magungunan sankara masu hana sabbin jijiyoyin jini tsirowa, su ma suna jawo shi. Tun farko ma masana sun tuna da wani tsohon ciwo mai kama da shi, wanda ya riƙa cinye muƙamuƙin ma'aikatan masana'antun ashana a Turai a ƙarni na 19 saboda farin fosforas. 'Yan matan kamfanin Bryant & May a gabashin Landan sun yi yajin aiki a 1888, kuma a 1906 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern ta hana sa wannan sinadari a ashana. Waɗancan 'yan matan ba su da wanda zai duba musu baki. Marar lafiyarku kuwa a gabanku take zaune kowane wata, ku da kuka karanta duk wannan kafin a ba ku shaidar ƙwarewa.

Yawan masu kamuwa ba abin da za a yi wa ƙari ba ne, kuma ba na rainawa ba ne. Wani babban bincike a Amurka da ya bi mutum kusan 3,500 masu sankarar da ta kai ƙashi, suna karɓar zoledronik asid, ya samu cewa cikin shekara uku kusan uku cikin ɗari sun kamu, masu mayaloma suka fi yawa. Za ku ce uku cikin ɗari kaɗan ne. Ku lissafa mutum nawa kuke ɗaura wa ruwan nan a shekara. Sannan ku tuna cewa waɗancan mutanen suna ƙasar da ganin likitan haƙori abu ne da aka saba da shi, alhali mutanenmu da yawa ba sa zuwa sai kunci ya kumbura. Kuma an gwada riga-kafin an ga amfaninsa. A cibiyar sankara ta birnin Milan a Italiya, da aka fara tura kowa wurin likitan haƙori kafin a soma ba shi maganin, masu kamuwa sun ragu da fiye da rabi. An wallafa wannan tun 2009.

Bari in faɗa muku abin da ke faruwa da Hajiya bayan ta fita daga ɗakinku, tunda ba ku cika ganin wannan ɓangaren ba. Wata rana turmin nan ya hana ta barci. Aka kai ta wurin mai cire haƙori mafi kusa, ya sa filaya ya fizge, ya danna mata auduga ya ce ta kurkure da ruwan gishiri. Mako biyu, uku, ramin bai rufe ba. Harshenta ya fara jin wani abu mai kaushi a gefen dasashi, yana karce shi duk lokacin da ta yi magana har gefen harshen ya yi gyambo. In an haska tocila sai a ga ƙashi tsirara, launinsa tsakanin rawaya da toka, busasshe, ko an taɓa shi ba ya jini. Naman da ke kewaye ya yi ja ya kumbura, mugunya tana tsattsafowa. Sai wari. Warin ne ke fara raba ta da mutane. Ta koma magana da gefen mayafi a baki, ta daina cin abinci a kwano ɗaya da jikoki, ta bar tuwo da nama ta koma kunu da koko, a daidai lokacin da jikinta ya fi buƙatar abinci don ya iya ɗaukar maganin sankarar. Leɓen ƙasa ya yi nauyi kamar ba nata ba, saboda jijiyar da ke ratsa cikin ƙashin ta taɓu. In aka ƙyale, haƙoran da ke maƙwabtaka su fara girgiɗi, ƙurji ya huda ta ƙarƙashin haɓa yana zubar da ruwa a wuyan riga, a ƙarshe ƙashin ya iya karyewa da kansa. In a sama ne, ya huda zuwa kogon da ke gefen hanci, ta sha ruwa ya fito ta hanci.

Ƙa'idar gane ciwon ma ba ta da wuya: ƙashi a fili a cikin baki, ko ƙofar ƙurji da in an zura ƙarfe za a taɓo ƙashi, ya wuce mako takwas bai rufe ba, ga mutumin da ke shan waɗannan magunguna ko ya taɓa sha, wanda ba a taɓa yi masa gashin sankara a muƙamuƙi ba, kuma ba sankarar ce ta sauka a wurin ba. Duk ɗalibin likitanci zai iya haddace wannan a zama ɗaya.

Na san uzurorinku. Na farko, layi ya yi tsawo, likita ɗaya marasa lafiya ba adadi. Gaskiya ne, kuma ina tausaya muku. Amma kun sami lokacin duba takardar ƙoda. Wannan ma ku sa shi a jerin abin da ba a ɗaura ruwa sai an cika. "Baba, akwai haƙorin da ke damunka? Yaushe rabonka da likitan haƙori? Buɗe in gani." Minti nawa wannan zai ci? In ku ba ku da sukuni, nas za ta iya, in dai an koya mata an kuma sa shi a cikin fayil.

Na biyu, wai ba likitocin haƙori. Sun yi ƙaranci, musamman a karkara, ba mai musu. Sai dai maganin nan ba a ƙauye aka fi ɗaura shi ba, a manyan asibitoci ne. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi. Sau da yawa tsakanin mai rubuta maganin da mai duba bakin tafiyar ƙafa ce a cikin harabar asibiti ɗaya. Takardar ce ba a rubutawa.

Na uku shi ne wanda ba a faɗa da ƙarfi, amma ana aiki da shi: ai mai ciwon ya riga ya yi nisa, haƙori ne zai dame mu? Wannan magana ba ta dace da bakin likita ba. Rai a hannun Allah yake, kuma mata da yawa masu sankarar mama da ta kai ƙashi suna shekaru a raye, haka maza masu ta furosteti. Ko da watanni ne suka rage wa mutum, wa ya ba ku ikon yanke cewa ya yi su da ruɓaɓɓen baki, ba ya iya tauna loma, iyalinsa suna kau da kai in ya yi magana? Dalilin ba da maganin tun asali shi ne a sauƙaƙa masa sauran kwanakinsa. Idan akwai gaggawa ta gaske, kamar kalsiyam ya hau yana neman rikita mutum, a ɗaura nan take, ba mai cewa a jira. Amma mafi yawan lokuta akwai sararin makonni kaɗan da za a wanke haƙora, a cike masu kogo, a cire waɗanda ba su da mamora, a gyara haƙoran roba masu gurzar dasashi, a bari nama ya rufe ramin, sannan a fara. Ko bayan an fara, ba dole ba ne kowa ya riƙa karɓa duk mako huɗu har abada. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa ga masu sankarar mama da furosteti da mayaloma, ba da zoledronik asid duk mako 12 ya yi aiki daidai da duk mako huɗu. Ga iyalin da suke sayar da kadara don sayen magani, wannan ma abin a gaya musu ne.

Likitocin haƙori, ku ma ba ku fita ba. Kuna tambayar hawan jini da ciwon suga, kuna tambayar ko mace tana da juna biyu, sannan ku ɗauki filaya. Wanda ake yi wa ƙarin ruwa sau ɗaya a wata, ko sau ɗaya a shekara kamar Aclasta, ko allurar denosumab mai suna Prolia duk wata shida, in kun ce "kana shan wani magani?" zai ce a'a, kuma bai yi ƙarya ba, domin a wurinsa magani shi ne ƙwayar da ake haɗiya kullum. Ku yi tambayar yadda zai gane: "Inna, an taɓa yi miki ƙarin ruwa ko allura saboda ƙashi? Ana kula da ke a sashen masu ciwon daji? Akwai ƙwayar da kike sha sau ɗaya a mako da sassafe, aka ce kada ki kwanta bayan kin sha?" Kuma ku tambayi na baya, ba na yanzu kaɗai ba, domin bisfosfonet yana maƙalewa a ƙashi shekara da shekaru bayan an daina. Wannan ne ma ya sa cewa mutum ya tsallake ruwan wata ɗaya kafin a cire haƙori ba ya wanke ku daga komai.

Wasunku kuma sun faɗa ɗaya ramin: da sun ji sunan maganin sai su ɗaga hannu, su ce ba za su taɓa ba, su sallami mutum da amoksisilin ya koma gida da ruɓaɓɓen haƙori. Ina kuke tsammani zai nufa? Wurin mai filaya na bakin kasuwa, wanda bai taɓa jin sunan ciwon ba. Haƙorin da ke mugunya shi kansa yana iya tayar da mutuwar ƙashin ko ba a cire shi ba. In za a iya ceto shi ta hanyar cire jijiyarsa a cike, a yi. In dole sai an cire, a cire a hankali, a goge kaifin ƙashin, a ɗinke nama ya rufe ramin, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta inda ya dace, a riƙa kiran mutum ana dubawa har sai an ga ya warke da ido.

Idan kuma ciwon ya riga ya auku, abin da ake yi wa mutane ya fi komai ban takaici. Wannan ya kankare ramin, bai rufe ba, wancan ya sake kankarewa, kowace kankara tana ƙara faɗin wurin. A rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye ba tare da an ɗauki hoton muƙamuƙin ba. Ko a leƙa sau ɗaya a ce wa dangi sankara ce ta bazu, a koma gida a yi ta addu'a, alhali ba a ɗebi nama an gwada ba. Addu'a muna yi, amma wannan ciwo ne da ake lallaɓawa, kuma da yawa suna warkewa. A matakin farko, tsaftar baki da kurkurawa da kulohekzidin, da goge bakin ƙashin da ke yanka harshe, suna iya riƙe shi ya daina ci gaba. In ya yi mugunya a haɗa da maganin ƙwayoyin cuta da na raɗaɗi. Mataccen ɓangaren yakan saki da kansa a ɗauke shi, nama ya rufe a ƙarƙashi. Inda ya ƙi, likitan tiyatar muƙamuƙi yana yanke mataccen har ya kai ga ƙashi mai jini, ya jawo nama ya rufe, kuma matsayar 2022 da na ambata ta yarda cewa tiyata hanya ce da za a iya bi tun ciwon bai yi nisa ba, ba sai muƙamuƙi ya karye ba. A kula da suga, a daina taba, a sake duba ko har yanzu ana buƙatar magungunan sitiroyid da ake haɗawa, domin duk suna ƙara haɗarin. Batun dakatar da maganin ƙashin kuwa, likitan sankara da na muƙamuƙi ne za su zauna su yanke tare. Ba daidai ba ne a bar marar lafiya yana yawo da saƙon baka tsakanin ofis biyu, wannan ya ce a tsaya, wancan ya ce a ci gaba.

Akwai wasu da nake so su ji ni da kyau, kada tsawar nan ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Tsofaffi, galibi mata bayan ɗaukewar al'ada, masu shan Fosamax ko makamancinsa saboda zaizayar ƙashi, abin da suke sha kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na masu sankara, kuma a cikinsu masu kamuwa da wannan ciwo ba su kai ɗaya cikin dubu ba, ko da yake haɗarin yana ɗan ƙaruwa in an shekara huɗu ko fiye ana sha. Karayar ƙugu kuwa tana kwantar da tsohuwa kwanciyar da wasu ba sa tashi. Gwajin da aka wallafa a 2007 ya nuna ruwan zoledronik asid sau ɗaya a shekara ya rage karayar ƙashin baya da kashi 70 cikin ɗari, ta ƙugu da kashi 41. Saboda haka likitan haƙorin da zai ce wa tsohuwa ta watsar da maganinta don kawai zai wanke mata haƙora, ya cuce ta. Abin ya fi muni ga mai karɓar Prolia: ƙarfin allurar yana gushewa bayan wata shida, kuma in aka daina kwatsam ba a maye gurbinta da wani magani ba, ƙashi yana zubewa da sauri har gaɓoɓin baya su karye fiye da ɗaya a lokaci guda. Ba wanda ya isa ya dakatar da ita sai wanda ya rubuta ta.

Shugabannin sassan sankara da na ƙashi, abin da ya rage naku ne, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga Abuja ko Yamai. Ku sa layi ɗaya a takardar da ake cikewa kafin ɗaura ruwan farko: an duba baki, ranar kaza, sa hannun wane. Ku ba kowane marar lafiya ɗan kati da zai riƙe a aljihu ko a jaka, da Hausa da Turanci ko Faransanci, ɗauke da sunan maganin, da ranar da aka fara, da lambar sashenku, da jimla ɗaya: kada a cire wa mai wannan kati haƙori sai an tuntuɓe mu. Ku karanta wa wanda ba ya karatu, ku maimaita wa ɗan da ya rako shi, domin shi ne zai kai shi wurin mai cire haƙori ranar da ciwon ya tashi da tsakar dare. Kuma duk zuwan da zai yi karɓar ruwa, kafin a nemi jijiya, wani ya ɗauki tocila ya ce ya buɗe baki.